Ni kaɗai da alli a Tahoua: yadda malamin Sifaniyanci zai sami abokan aiki a cikin salularsa

Shekarar da na fara koyar da Sifaniyanci a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a nan Tahoua, ba aji ne ya fi ba ni wahala ba, ɗakin malamai ne. Malaman lissafi su huɗu ne, suna haɗa kai a tebur guda suna gardamar darasin gobe. Na Faransanci ba a ma ƙirga su. Ni kuwa ni kaɗai. In kalma ta shige mini duhu babu wanda zan juya in tambaya, ga Yamai can fiye da kilomita 500, wuni guda a mota ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Na yi watanni ban ji Sifaniyanci a bakin kowa ba sai nawa da na ɗalibaina, har na fara jin harshen yana yi mini nauyi a baki. Abin da ya fitar da ni daga wannan kaɗaici ƴar salula ce da ƴan mega. Na rubuta wannan ne domin ƙanen da ya tsinci kansa a irin halin da na shiga, a nan Adar ko Maraɗi ko Damagaram, musamman malamin kwantaragi wanda kowace jikka a aljihunsa da aikin da take jira.

Fara da gyara salular kanta, tun kafin ka nemi kowa. Ka ƙara Sifaniyanci a allon rubutunta. In Gboard kake amfani da shi, cikin saitunan harsuna ne, minti biyu sun isa. Ta nan za ka sami ñ da ¿ da ¡ da wasulla masu ƴar alama a kai. Kada ka raina wannan. Malamin da ya rubuta “ano” a wurin “año” a gaban abokan aikinsa na duniya ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Ka ƙara Hausa ma, domin za ka bukaci ƙ da ɗ da ɓ, zan faɗi dalili can gaba. Daga nan ka shiga WhatsApp ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, in ba haka ba zaure guda zai lashe maka megan mako kafin azahar. Facebook Lite ya ishe ka. A YouTube ka rage hoton zuwa 240p, mu kunne muke nema ba ido ba. Abu mai nauyi ka bari sai dare ka sauke, lokacin da rezo ya sarara, kuma ka cika batir tun da wuri a watannin zafi da kuran ke yawan ɗaukewa.

Sai maganar suna. Shafin da kake taya ƴan uwa murnar suna da aure daban, na aiki daban. Ka sa sunanka na gaskiya, hoto mai kamala, da layi guda: “Profesor de español en Tahoua, Níger.” Wannan layin kaɗai ya buɗe mini ƙofofi da yawa, domin malamai da dama a Sifaniya da Kudancin Amurka ba su taɓa zaton akwai mai koyar da harshensu a bakin Sahara ba. Sai su tsaya su tambaya.

Waɗanda za ka bi kada su yi yawa. Da farko na bi shafuka sun fi 100, na wayi gari ina ta jan yatsa a kan waya ba na karanta komai. Yanzu waɗanda nake dubawa ba su kai 10 ba, kuma uku ne ginshiƙi. Akwai Real Academia Española, RAE a taƙaice, majalisar da ke kula da ƙa'idojin harshen tun 1713, tana X da sunan RAEinforma, kuma tana amsa tambayoyin jama'a in an sa alamar #dudaRAE. Akwai FundéuRAE, wadda kusan kullum take fitar da gajeren bayani kan kalmar da ƴan jarida ke tuntuɓe da ita. Sai Instituto Cervantes, cibiyar da gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 domin yaɗa harshen, wadda ta buɗe cikakken reshe a Dakar a 2021.

Ga abin da ya sa na ce ginshiƙi. Littafin da na gada a makaranta tsoho ne, bangonsa ma ya fita, kuma shekara biyu ina koya wa yara cewa baƙaƙen Sifaniyanci 29 ne, har da ch da ll. Wani dare ina kan tabarma a tsakar gida na ci karo da amsar da RAE ta ba wani: tun gyaran ƙa'idojin rubutu na 2010, baƙaƙen 27 ne, ch da ll haɗin baƙaƙe biyu ne kawai. A wannan gyaran ne kuma aka daina wajabta ƴar alamar wasali a kan “solo”. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yara sun amince da ni. Washegari na shiga aji na ce musu: “Abin da na koya muku jiya da shekaranjiya na tsohon littafi ne, ga yadda yake yanzu.” Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, ashe harshe ma ana yi masa gyara?” Rabin sa'a muka yi kan wannan tambaya. Tun daga ranar, duk abin da zan rubuta a allo a matsayin ƙa'ida sai na tabbatar ba a canza shi ba.

Amma waɗannan manyan cibiyoyi ba su san ajinka ba. Malamin da ke Madrid zai ba ka wasa mai kyau wanda ke bukatar ɗalibai 12, da majigi, da takarda mai launi ga kowa. Kai kana da yara 70, uku a benci, alli da allo, ga zafin Afrilu. Saboda haka abokan da suka fi yi mini amfani ƴan Afirka ne. A Kot Dibuwar da Benin da Senegal da Kamaru da Gabon Sifaniyanci ya daɗe da kafuwa a makarantun sakandare, masu koyonsa dubun dubata ne, malamansu kuma suna fama da abin da muke fama da shi: aji cike, littafi ɗaya, da Faransanci da ya tsaya tsakanin yaro da sabon harshe. Ga kuma Gini Ikwatoriya, inda Sifaniyanci harshen hukuma ne. Ranar da na sa wa ɗalibaina muryar wani mai karanta labarai daga can, ajin ya yi tsit, domin ba su taɓa jin baƙar fata ɗan Afirka yana zuba harshen kamar ruwa ba.

Yadda za ka same su: a wurin bincike na Facebook rubuta “profesores de español” ko “professeurs d'espagnol” ka haɗa da sunan ƙasa. Ka kuma riƙe baƙaƙen nan uku, ELE, wato Sifaniyanci a matsayin baƙon harshe. Su ne mabuɗin sana'armu a intanet, duk inda ka rubuta su, a Facebook ko Instagram ko Telegram, za ka faɗa cikin malamai. Kafin ka zauna a zaure ka duba abu biyu: yaushe aka yi magana ta ƙarshe, kuma in mutum ya yi tambaya ana amsa masa? Zauren da babu komai sai barka da Juma'a da tallar kwas, fita ka bar shi. Zaure biyu ko uku masu rai sun wadatar.

In ka shiga, ka yi mako guda kana saurare, kamar baƙon da ya zo fada, ba ya karɓe butar shayi ranar farko. Sannan ka gabatar da kanka a layi uku. In za ka yi tambaya kuwa, nan ne mutane da yawa ke yin asara. “Ku taimaka mini da darasin subjuntivo”, wato sigar aikatau ta fata da buri, ba ya samun amsa, ko kuma a jefo maka littafi mai shafi 300 ya cinye maka mega. Ni ga yadda nake yi: in faɗi yawan yaran, shekararsu ta nawa a harshen, minti nawa nake da shi, me nake da shi a hannu, da daidai inda suka maƙale. Na taɓa rubuta cewa ina da yara 68 a ajin tarminal, na ƙarshe a lise, mai rubuta jarrabawar bak, sa'a guda, babu na'urar kwafi, kuma sun haddace jadawalin aikatau amma ba sa iya furta jimla ɗaya da shi. Wata malama daga Kwatanu ta amsa mini da saƙon murya na minti biyu. Ta ce, “Ɗan uwa, ka bar jadawalin. Kowane benci ya yi wa bencin bayansa fatan alheri uku kan jarrabawar bak, kowanne ya fara da ojalá.” Na gwada. Addu'a abu ne da yaranmu suka iya tun daga gida, sai ga subjuntivo yana fita daga bakinsu ba su sani ba.

Wannan kalma ta ojalá ita ta kai ni ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci, wato abin da kai za ka bayar. Shekara guda na yi ina karɓa kawai, ina ganin me malamin Tahoua zai koya wa mutumin Salamanca? Ashe muna da abin da babu mai shi sai mu: mun san yadda Sifaniyanci ke shiga kunnen Bahaushe.

Duba fa. Ojalá daga Larabci ta fito, ƴar uwar “in sha Allah” ce, domin Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har 1492 kuma sun bar kalmomi masu yawa a harshen. Mu ma Larabci ya ba mu namu ta hanyar malamai da fatake. Sai ka tarar da “alcalde”, magajin gari, da “alƙali” tushensu ɗaya. “Azúcar” da sukari. “Aceituna” da zaitun. “Hasta” da hatta. Wata rana na raba allo gida uku, Sifaniyanci da Larabci da Hausa, na cika shi da irin waɗannan. Da yara suka fita, kafin mai shara ya goge, na ɗauki hoton allon, rubutun alli ne kawai, har da inda hannuna ya karkace a layin ƙarshe. Na sa shi a zaure da bayani na layi huɗu. Babu abin da na taɓa sawa da ya jawo magana kamarsa. Malamai daga Meziko da Sifaniya suna tambaya wane harshe ne wannan mai ƙugiya a kan k, mutum nawa ke jinsa. Nan allon rubutun Hausa ya yi mini rana.

Daga nan na ci gaba, abu guda kowane mako. Na rubuta kan r. Yaranmu suna zuwa lise da r ɗin Faransanci a maƙogwaro, sai su ce “perro” kamar ɗan Faris. Alhali Bahaushe yana kaɗa harshe tun yana goye. Nakan ce musu su manta da lakwal, su faɗi “tara” da “arba'in” kamar a kasuwar Lahadi, sannan su ce “perro”. Nan take take zama. Harafin j kuwa, wanda ke wahalar da Faransawa, duk yaron da ya yi makarantar allo yana da shi, shi ne خ. Inda muke shan wuya p da f ne, domin a Hausa ba su rarrabe ma'ana, mu mutanen yamma ma “hita” muke cewa a wurin “fita”. Don haka nake sa yaro ya riƙe ƴar takarda a gaban leɓensa ya faɗi “paso” da “foto” ya ga bambancin motsinta.

Wanda ya fi daɗi shi ne ser da estar, aikatau biyu da Sifaniyanci ke faɗin kasancewa da su. Faransanci “être” kaɗai yake da shi, don haka littattafan da aka rubuta wa Faransawa sukan ɓata shafuka suna bayani. Bahaushe kuwa ba ya cewa “shi gida ne” in yana nufin yana gida. “Malami ne”, es profesor. “Yana gida”, está en casa. Ba ko'ina suke dacewa ba, akwai wuraren da gadar ke karyewa, amma ta kai yaro rabin hanya cikin minti biyar. Haka jinsi: yawancin kalmomin jinsin mace a Hausa da wasalin a suke ƙarewa, kamar a Sifaniyanci, sai dai ka gargaɗe su da irin “el día” da “el problema”, da suka ƙare da a amma na jinsin namiji ne. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ban ga dalilin da zai sa malami ya ji kunyar ratsawa ta Hausa zuwa Sifaniyanci ba. Ni dama ban taɓa ji ba.

Ba sai ka iya haɗa bidiyo ba. Hoton allo guda, ko murya ta minti ɗaya, sau ɗaya a mako, a rana tsayayya. Ka rubuta da Sifaniyanci ko da kana tsoron kuskure, kuma in an gyara maka ka yi godiya a fili. Wata shida da fara wannan, wasu malamai suka gayyace ni in yi magana ta minti 20 a taronsu na intanet kan koyar da masu jin Hausa. Ban nema ba, hoton allo ne ya nema mini.

Harshenka kuma yana bukatar motsa jiki. Ka nemi mutum guda, ba goma ba, ku riƙa musayar saƙon murya. Nawa malami ne a Kwalambiya da ke koyon Faransanci. Yana aiko mini minti uku da Faransanci in gyara masa, in aika masa minti uku da Sifaniyanci ya gyara mini. Kiran bidiyo ba ya yi mana, rezo ba ya ɗauka, kuma muna gabansu da sa'a 6. Saƙon murya kuwa yana jira har ka sami sarari, kana iya maimaita shi sau biyar. Shi ne ya nuna mini cewa “vosotros”, wato “ku”, da nake ta nanata wa yara ba a amfani da shi a ƙasarsu, “ustedes” suke cewa. Masu wannan harshe a matsayin na uwa sun kusa miliyan 500, mafi yawansu a nahiyar Amurka, ya kamata ɗalibanmu su ji muryar can ma.

Tarukan ƙara wa juna sani na intanet suna da yawa, kamfanonin buga littattafan ELE da jami'o'i suna shirya su, da dama kyauta, kuma a waɗannan shafukan ake sanar da su. Ka lura da agogo. Mu ba ma canza lokaci, Sifaniya tana canzawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris agogonmu da na Madrid ɗaya ne, sauran watannin suna gabanmu da sa'a guda. Na taɓa sayen mega na jikka biyu musamman domin wani taro a watan Afrilu, na shiga ƙarfe 6 na yamma daidai, na tarar ana ban kwana. Ya yi mini ciwo, domin kuɗin cefane na taɓa. Ka tambaya tun farko ko za a ajiye faifan taron, kuma ko ana ba da takardar shaida. In an ba ka, ka adana ta wuri biyu, a salula da cikin imel, ka kuma jera ta a LinkedIn, wanda ni ban ɗauke shi wurin hira ba, akwatin takardu ne da ƙungiyoyi masu neman malami ko tafinta ke leƙawa. Takardar da ta fi nauyi dai ita ce DELE, shaidar iya Sifaniyanci, wadda Instituto Cervantes ke bayarwa da sunan ma'aikatar ilimin Sifaniya, daga matakin farko A1 zuwa na ƙoli C2, kuma ba ta tsufa. SIELE, wata jarrabawar Sifaniyanci daban, a kwamfuta ake yinta, shekara 5 take aiki. Ranakun jarrabawa da wuraren yinta, a shafin cibiyar kanta za ka duba, kada ka dogara da abin da aka turo a zaure.

Wannan ya kawo ni ga ɓarayi. Duk sanarwar tallafin karatu da ta ce ka fara tura kuɗin buɗe dosiye zuwa lambar wani, ƙarya ce, banza ba ta kai zomo kasuwa. Hukumar haɗin gwiwa ta Sifaniya, AECID, tana da tallafin karatu na gaskiya, a shafinta ake nema. Kada ka ba kowa lambobin sirri 6 da WhatsApp ke aiko maka, ko da da sunan shugaban zaure ya zo, kuma ka kunna kariya mai mataki biyu yau ɗin nan. Da zarar an san kana jin Sifaniyanci za a fara yi maka sallama kan biza da hanyar zuwa Turai, domin garinmu garin ƴan bida ne. Amsata guda ce: ni harshe nake koyarwa. Shafin aiki kuma ba wurin siyasa ko habaici ba ne. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a 2024, ta tanadi ɗauri kan zagi da ɓata suna. Ko ba don doka ba, malamin da ya zagi shugaban makarantarsa a Facebook, wanda zai ɗauke shi aiki gobe ma yana karantawa.

Ɗalibai kuwa amana ne. Ba na sa fuskar yaro a intanet, allo nake ɗauka ko littafi bayan na rufe sunan. Zauren WhatsApp na aji sai da sanin hukumar makaranta, kuma na saita shi ni kaɗai ke iya aika saƙo, sai ranar Asabar nake buɗe shi sa'a biyu. Ba na hira ta keɓe da ɗaliba, ko da rana balle da dare. Da yawansu ma wayar uwa ko ta yaya suke ara, don haka duk abin da na aika sai na sake rubuta shi a allo ranar Litinin, kada marar waya ya cutu. Abin da ya fi kama su a zauren shi ne ƙwallo. Yaron da ba ya buɗe littafi ya san duk ƴan wasan Real Madrid da Barcelona. Sai in kwafo jimla biyu daga shafin ƙungiyar na Sifaniyanci bayan wasa, in ce su nemo mini aikatau su faɗi lokacinsa. Kafin in gama shayin farko amsoshi sun fara shigowa.

Yanzu tsarina bai wuce wannan ba: minti 20 bayan isha'i ina duba zaurukan nan uku, Laraba in amsa wa abokina na Kwalambiya, Juma'a bayan la'asar in sa hoton allon mako. A makon jiya wani ƙane da ke koyarwa a Yamai ya rubuto mini, ya ce, “Yaya, rabin ajina Zabarmawa ne, kuma Zabarmanci ba ya raba namiji da mace a suna, dabararka ta jinsi ba ta yi mini aiki.” Gaskiyarsa. Na ce ya tattaro kurakuran da yaransa suka fi yi da “el” na namiji da “la” ta mace na tsawon mako biyu, ni ma in tattaro na nawa, mu jera su a allo guda mu sa wa abokanmu na Kwatanu da Abijan su gani. Ya ce zai aiko nasa ranar Alhamis.